Me ya sa duk ciwon da ɗana ya kwaso a makaranta sai ya kwantar da ni?

Tambaya: Likita, ɗana shekararsa biyu da rabi. Tun da muka sa shi a makarantar reno wata biyar da suka wuce, gidanmu bai huta ba. In ya kwaso mura, bayan kwana uku sai ni, sai babansa. A watan jiya amai da gudawa ne suka zagaye mu har kakarsa da ke zaune tare da mu. Shi kwana biyu ya ware ya koma wasansa, ni kuwa sai in yi mako ina jan jiki. Ga shi ina da ciki wata uku. Garkuwar jikina ce ta yi rauni? In cire shi daga makarantar ne, ko in riƙa shan antibayotik da zarar ya fara?

Amsa: Sannu da fama 'yar'uwa, Allah ya ƙara sauƙi, ya kuma raba lafiya. Da wuya mako ya wuce wata uwa ba ta zauna a gabana ta ba ni wannan labarin ba, kuma kusan dukkansu da zargin jikinsu suke zuwa. Bisa abin da kika bayyana, ban ga alamar garkuwarki ta lalace ba. Abin da ya canza shi ne yawan ƙwayoyin bairas da ke shigo miki gida, kuma mai shigo da su shi ne mutumin da ya fi kowa manne miki a duniya.

Babban mutum yakan yi mura sau 2 zuwa 3 a shekara. Ƙaramin yaro sau 6 zuwa 8, wanda kuma ya fara cuɗanya da wasu yara a gidan reno yana iya kai wa 10 ko 12 a shekararsa ta farko. Kowace mura tana ɗaukar mako guda zuwa kwana 10, tarin da take bari kuma har mako uku yana nan. In kika lissafa, za ki ga dalilin da ya sa kike jin kamar hancinsa bai taɓa bushewa ba. Masu bincike a Jami'ar Yuta ta Amurka sun bi gidaje 26, mutum 108, suna ɗaukar samfur daga hancin kowa duk mako har shekara guda, lafiya ko ba lafiya, suka fitar da sakamakon a 2015. Gidan da ba yaro, mako 3 zuwa 4 kawai aka samu bairas a cikinsa a duk shekarar. Gida mai yaro ɗaya, mako 18. Gida mai yara shida, mako 45. Kuma kusan rabin lokutan da aka ga ƙwayar, mai ɗauke da ita bai nuna alamar ciwo ba ko kaɗan. Ke nan yaro ɗaya tak ya isa ya ninka abin da ke yawo a gida kusan sau biyar.

Dalilin ba boyayye ba ne. Jariri yana zuwa duniya da kariyar da ya samu daga uwarsa ta hanyar mabiyiya, amma wannan aro ne, wajen wata 6 ya kusa ƙarewa. Daga nan sai jikinsa ya fara karatu da kansa, ƙwaya bayan ƙwaya. Ire-iren bairas da ke kawo mura sun haura 200, rinobairas kaɗai ya fi iri 100, kuma sanin ɗaya ba ya kare mutum daga ɗan'uwansa. Da yake jikin yaro bai taɓa haɗuwa da su ba, ƙwayar tana hayayyafa sosai a hancinsa da maƙogwaronsa, yana kuma daɗewa yana fitar da ita. Babba mai mura mai tsanani, wato infuluwenza, yakan yaɗa ta kwana 5 zuwa 7, ƙaramin yaro kuwa har kwana 10 ko fiye.

Sai kuma halin yaro. Ki tsaya ki kalle shi minti goma kacal ranar da yake mura. Zai goge majina da bayan hannu, ya ɗauki wayarki da hannun, ya sa gefenta a baki, ya miƙo miki. Ki ɗauke shi, ya yi atishawa fuskarku ba ta fi taƙi ɗaya tsakani ba. Ya kama leɓenki da yatsun nan yana dariya. Da dare zazzaɓi ya hana shi barci, ba inda zai yarda ya kwanta sai ƙirjinki, yana numfashi a wuyanki har asuba. Babu abokin aiki ko maƙwabcin da zai kusance ki haka. Kuma ba zan ce ki daina ko ɗaya cikin ɗaukar nan da rarrashin nan ba, domin yaro mara lafiya jikin uwarsa yake nema, haƙƙinsa ne.

Batun cewa shi ya ware da wuri ke ki daɗe, abubuwa ne suka haɗu. Yawancin wahalar da mutum ke ji lokacin mura, ciwon jiki da ciwon kai da kasala, daga yaƙin da garkuwa ke yi suke fitowa, kuma ta babba takan mayar da martani da ƙarfi. Sannan ciwon yana samunki ne a daidai lokacin da kika yi dare uku kina jinya ba barci. A Jami'ar Kanegi Melon ta Amurka an taɓa ɗiga wa masu sa kai 153 ƙwayar mura a hanci da gangan, aka ga masu barcin ƙasa da awa 7 sun kusa ninka masu barcin awa 8 sau uku wajen kamuwa. Shi yaro in ciwo ya kama shi sai ya kwanta, ke kuwa da naki ciwon kike wanki da shara da jinyar wasu. Ga ciki, wanda ke sauya yadda garkuwa ke aiki, yake kuma toshe hanci ya ƙara nauyin numfashi. Wani abin da zai kwantar miki da hankali: masu binciken nan sun sake duba irin waɗannan gwaje-gwaje, suka ga cewa in aka ba iyaye da marasa 'ya'ya ƙwaya iri ɗaya, iyayen ne suka fi tsallakewa. Jikinki ba rago ba ne, aiki ne ya yi masa yawa.

Raunin garkuwa na gaskiya kamanninsa daban. Mutum ya riƙa ramewa ba dalili, ko zazzaɓi ya ƙi sauka makonni, ko gumin dare har ya jiƙa zani, ko farin ƙuraje a baki, ko ciwon nimoniya sau biyu a shekara ɗaya, ko tarin da ya wuce mako biyu zuwa uku yana ƙaruwa maimakon raguwa. In akwai ɗaya daga cikin waɗannan, a duba tarin fuka, ciwon suga da cuta mai karya garkuwar jiki. A wurin awon ciki ma ki tabbatar an auna jininki, don ƙarancin jini kaɗai yana iya sa mura ta mako ɗaya ta zama kamar ta wata.

Antibayotik kuwa, a'a. Bakteriya yake kashewa, ba ruwansa da bairas, ba ya hana ki kamuwa, ba ya rage miki kwana ɗaya na jinya. Abin da zai yi shi ne ya kashe ƙwayoyi masu amfani a hanjinki, ya koya wa miyagun yadda za su jure masa, wasu ire-irensa ma ba su dace da mai ciki ba. Majina ta koma ruwan ɗorawa ko kore ba ta nufin an koma bakteriya, launin daga fararen ƙwayoyin jini yake fitowa. Lokacin da muke tunanin bakteriya ta shigo shi ne in mutum ya fara samun sauƙi sai zazzaɓi ya dawo da ƙarfi, ko ciwon kunne mai tsanani, ko ciwon ƙirji da haki, ko ciwon fuska da toshewar hanci da suka wuce kwana 10 ba sauƙi. Wannan likita ne zai duba ya yanke. Kuma a duk inda ake fama da zazzaɓin cizon sauro, mai ciki ba ta zama da zazzaɓi tana cewa murar yaro ce, sai an gwada jini. Don sauke zazzaɓi farasitamol ya ishe ki a bisa ƙa'ida, ki bar ibufurofen sai da izinin likita. Shi kuma yaron, kada a ba shi asfirin ko kaɗan, musamman in ƙarambau ne ko mura mai tsanani, domin yana iya taɓa hanta da ƙwaƙwalwa.

Aman da gudawar da suka zagaye ku, yadda suka bi gida ɗaya bayan ɗaya, sun yi kama da aikin norobairas. Sunansa ma daga irin labarinku ya samo asali. A 1968 ne ciwon ya ɓarke a wata makarantar firamare a garin Nowok na jihar Ohayo ta Amurka, rabin ɗalibai da malamai suka kwanta, sannan kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen gidajensu suka biyo baya. Ƙwaya ce mai taurin kai. Ƙasa da ɗari daga cikinta sun isa su kwantar da babban mutum, alhali mara lafiya yana fitar da biliyoyi. Daga shigarta zuwa fara amai awa 12 ne zuwa 48, ciwon ya yi kwana 1 zuwa 3, amma tana ci gaba da fita a bayan gida mako biyu ko fiye bayan an warke. Man goge hannu na sanitaiza ba ya yi mata abin kirki. Sabulu da ruwa ne ke wanke ta, bilic ne ke kashe ta.

Don haka ranar da ya sake amai a tsakar ɗaki, ga yadda nake so a yi, kuma in babansa yana nan shi ya yi, ba ke ba. A fitar da kowa daga wurin, a buɗe taga. A sa safar hannu ko a sa hannu cikin leda, a rufe aman da tsumma ko takarda a kwashe a hankali ba tare da fantsama ba, a ɗaure a leda. A haɗa bilic kashi 1 da ruwa kashi 9 a jiƙa wurin, a wuce inda ido ke gani da kamar taku biyu, a bar shi aƙalla minti 5 kafin a goge. Don hannun ƙofa, kan famfo, fo da bakin masai, kashi 1 cikin ruwa kashi 49 ya isa. Kada a gauraya bilic da wani maganin wanki. Kayan da suka ɓaci kada a kakkaɓe su, a wanke su daban. Wanda ya kamu kuma ya bar dafa wa mutane abinci har kwana biyu bayan ya warke. Na sha ganin gidan da suka bi wannan, ciwon ya tsaya a kan mutum ɗaya. Maganinsa kuwa ruwan gishiri da sukari ne, kurɓi-kurɓi, ga yaro da babba, musamman kaka, domin tsofaffi ruwan jikinsu yana ƙarewa ba su ji ƙishirwa ba.

A hanyar nan ta bayan gida zuwa hannu zuwa baki ne ciwon hanta nau'in A ke bi. Yara 'yan ƙasa da shekara 6, kusan 7 cikin 10 ba sa nuna komai, sai bayan kamar wata guda a ga idon uba ko uwa ya yi ɗorawa ana mamakin inda aka samo. Haka ciwon ƙurajen hannu da ƙafa da baki, wanda kan sa wa babba ciwon maƙogwaro mai zafi, wani lokaci har farce ya ɓare bayan makonni ya sake tsirowa. Duk wanke hannu bayan canza famfas ne ke tare su. Kada ki raina sabulu: a birnin Karachi na Pakistan an raba wa unguwanni sabulu ana koya musu wanke hannu, a sakamakon da aka fitar a 2005 nimoniya ta ragu da rabi a yara 'yan ƙasa da shekara 5, gudawa ma ta ragu da fiye da rabi, kuma sabulu na yau da kullum bai gaza mai maganin kashe ƙwayoyi ba. Daƙiƙa 20 ana cuɗawa, har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce.

Yanzu ga inda nake so ki ba ni hankalinki duka, domin a wasiƙarki layin da ya fi tsaya mini shi ne na cikin wata uku. Mura da gudawa suna wahalarwa su wuce. Amma akwai 'yan ƙwayoyi kaɗan da galibi ba sa yi wa yaro komai, ba sa yi miki komai, sai ɗan da ke ciki. Babbarsu ita ce ƙwayar bairas ɗin da muke kira CMV, kuma abin da ke ci mini rai shi ne mata da yawa suna gama awon cikinsu kaf ba wanda ya taɓa ambata musu sunanta.

CMV tana zaune a miyau da fitsarin ƙananan yara. Yaron da ya kama ta a gidan reno lafiyarsa ƙalau, yana cin abincinsa yana wasansa, amma zai yi watanni, wani har shekaru, yana fitar da ita. Uwar da ta kama ita ma galibi ba ta jin komai, ko ta ji 'yar kasala da ɗan zazzaɓi ta ɗauka laulayi ne. In karon farko ne ta kamu tana da ciki, kusan sau 1 cikin 3 ƙwayar tana ratsa mabiyiya ta kai ga ɗan tayi, kuma ɓarnar ta fi yawa in a watannin farko ne. A ƙasashe masu arziki kimanin jariri 1 cikin 200 ake haifa da ita, a ƙasashe masu tasowa ya fi haka. Kusan 9 cikin 10 ana haifarsu ba alamar komai. Amma wajen 1 cikin 5 na masu ɗauke da ita suna samun matsala mai ɗorewa, mafi yawa ta ji. In aka cire kurumtar gado, CMV ce kan gaba wajen kurumtar da yara. Wadda ta taɓa kamuwa tun tana ƙarama tana da kariya, amma ba cikakkiya ba, domin wani nau'in ƙwayar yana iya sake shigarta. Har yanzu ba ta da allurar rigakafi.

Ba na mance wata uwa da ta kawo mini 'yarta mai wata goma sha huɗu. An haife ta kyakkyawa, ba abin da ya same ta. Uwar ce ta lura cewa in murfin tukunya ya faɗi a bayanta ba ta waiwayowa, kuma 'yar gwalantun da ta fara a wata shida ta daina. Ta tsaya a bayan yarinyar a ofishina ta tafa hannu da ƙarfi, yarinyar tana ta wasa da igiyar jakar uwar, ko gezau. Tana da wa ɗan shekara uku a gida. Da na yi wa uwar bayanin ƙwayar da muke zargi, ba ta yi kuka ba, ta dai tambaye ni me ya sa ba a faɗa mata ba tun tana da ciki. Tun ranar ba na barin mai ciki da ke da ƙaramin yaro ta fita daga wurina ban faɗa mata ba.

Abin da za ki yi ba mai wuya ba ne, sai dai ya saɓa da abin da hannun uwa ya saba yi ba tare da tunani ba. Kada ki sa cokalinsa a bakinki, kada ki sha a kofinsa, kada ki cinye ragowar da ya bari, kada ki lashe abin tsotsonsa in ya faɗi. In za ki sumbace shi, goshi ko tsakar kai, ki bar baki da kumatun da miyau ya jiƙa. Ki wanke hannu da sabulu duk lokacin da kika canza masa famfas, kika wanke masa fo, kika share masa majina ko dalala, ko kika kwashe kayan wasansa. Babansa ma ya bi wannan, don in ya kama zai iya ba ki. Wannan bai hana goyo ba, bai hana runguma ba, bai hana ya kwana a jikinki ba. Ki fara yau, domin watannin nan da kike ciki su ne masu muhimmanci. In an haihu, a gwada jin jaririn. In akwai wani zargi, gwajin CMV a fitsari ko miyau ana yinsa ne cikin kwana 21 na farko, kuma akwai maganin da ake fara wa jariran da suka nuna alama a watansu na farko.

Ta biyu ita ce fabobairas B19. A yaro tana zuwa kamar 'yar mura, bayan kwanaki kumatunsa su yi ja kamar an mare shi, ko da yake a fata mai duhu jan ba ya fitowa sosai. Lokacin da ƙurajen suka bayyana ya riga ya gama yaɗawa, shi ya sa killace shi a sannan ba ya da amfani. Kusan rabin mutanen gida da ba su taɓa yi ba suna kamuwa. A manya, musamman mata, ciwon gaɓoɓi take kawowa, yatsu da wuyan hannu da gwiwa su yi tsami na makonni. Ƙwayar tana dakatar da ɓargo daga ƙera jajayen ƙwayoyin jini na kimanin mako guda. Mai lafiya ba zai ma sani ba. Amma ɗan tayi, musamman kafin mako 20, yana iya samun ƙarancin jini mai tsanani, kuma a wasu lokuta cikin yana zubewa. Yawancin masu ciki da suka kamu suna haihuwa lafiya, kuma in an sani da wuri ana bibiya da hoton ciki, har ƙarin jini ana iya yi wa ɗan tun yana ciki a manyan asibitoci. Don haka in kika ji ana wannan ciwo a ajinsu, ki sanar a wurin awo. In kuma akwai mai sikila a gidan, babba ko yaro, wannan ƙwayar abar tsoro ce a gare shi, domin jininsa yana iya faɗuwa warwas cikin kwanaki. Ya yi fari fat, ya kasa tashi, zuciya na bugawa da sauri, a tafi asibiti a daren.

Ƙarambau kuma, ki tambayi mahaifiyarki ko kin yi shi kina yarinya. In kin yi, hankalinki kwance. In ba ki yi ba, ki sani cewa in ya shigo gida yana kama har 9 cikin 10 na waɗanda ba su taɓa yi ba, yana kuma yaɗuwa kwana 1 zuwa 2 kafin ƙuraje su fito har sai duk sun bushe. A ƙasashe masu zafi mutane da yawa suna girma ba su yi shi ba, kuma a babba ya fi muni nesa ba kusa ba, yana iya sauka a huhu, mai ciki kuma ta fi kowa haɗari. Ranar da kika ga ƙurji mai ruwa a jikin ɗanki, ranar za ki nemi likita, kada ki jira naki su fito, domin akwai kariyar da ake bayarwa a kwanakin farko. Rubela, wadda ke kama da ƙyanda mara ƙarfi, ita ma a farkon ciki tana lalata ido da kunne da zuciyar jariri. Allurar ƙarambau da ta ƙyanda da rubela ba a yi wa mai ciki, sai bayan haihuwa. Amma yi wa ɗanki nasa alluran a kan lokaci ba ya cutar da ke, hasali ma katanga ce a gare ki. Ki ɗauko katinsa ki duba ko akwai wadda aka tsallake. Allurar mura mai tsanani kuwa ana yi wa mai ciki a kowane wata, in ana samunta a inda kike ki karɓa, tana kare ki tana kare jaririn a watanninsa na farko.

Kaka ita ce mutum na biyu da za a kula da ita. Murar da jikanta zai yi yana gudu a tsakar gida tana iya zame mata nimoniya, balle in tana da asma, ciwon zuciya ko suga. Japan ta nuna wa duniya girman wannan alaƙa. Daga 1962 zuwa 1987 ana yi wa yawancin 'yan makaranta allurar mura a ƙasar, mutuwar tsofaffi a lokacin sanyi ta ragu ƙwarai, da aka sassauta shirin sai ta sake hawa. An ƙiyasta cewa allurar yaran tana hana mutuwar mutum 37,000 zuwa 49,000 duk shekara. Ba na cewa a raba kaka da jika, wannan ba zai yiwu ba, bai ma kamata ba. Amma a kwanaki uku na farkon murarsa kada ya kwana a ɗakinta, a bar tagogi a buɗe iska na ratsawa, kofinta da tawul ɗinta su zama nata ita kaɗai. In ta fara haki, ko ta rikice tana magana ba kan gado, ko ta ƙi ci da sha, kada a tsaya jiran zazzaɓi, tsofaffi sau da yawa ba sa yinsa.

Cire shi daga makaranta shawara ce da ku biyu za ku yanke, amma tun da kin tambaye ni, ni ba zan cire shi saboda mura ba. Shekarar farko ce mai wuya, ta biyu da sauƙi, kuma yaran da suka sha wannan a gidan reno sukan yi ƙarancin mura in sun shiga firamare. Bashi ne da kowane yaro ke biya, ko yanzu ko nan gaba. Cire shi ma ba zai kawar da CMV ba in ya riga ya ɗauka, tun da watanni zai yi yana fitarwa. Abin da ya fi amfani shi ne ki je makarantar ki ga da idonki: ina ake canza wa yara famfas, akwai ruwa da sabulu a wurin, mai canzawar ita ce mai ba su abinci, yara nawa ne a ɗaki ɗaya, iska tana shiga? Ki roƙe su su riƙa sanar da ke in ƙarambau, ƙyanda ko wani ciwon ƙuraje ya ɓulla. Ke ma ki riƙe shi a gida in yana zazzaɓi, in kuma amai ko gudawa ne sai ya yi awa 48 da tsayawa, saboda a gidajen abokansa ma akwai masu ciki da jarirai. Da ya dawo daga makaranta, kafin ya taɓa kowa, a wanke masa hannu a canza masa riga.

Inda zan iya ba da shawarar a ɗan ajiye shi a gida, in da hali, shi ne makonnin farko bayan kin haihu, musamman in jaririn bai kai wata tara ba aka haife shi ko lokacin mura ya kankama. Akwai ƙwayar RSV, wadda kusan kowane yaro ya kama kafin ya cika shekara 2. A wurin ɗanki mura ce kawai, a wurin jariri kuwa tana toshe ƙananan hanyoyin iska na huhu, kuma tana kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 kimanin 100,000 a duniya duk shekara. A Kilifi ta ƙasar Kenya an bi gidaje masu jarirai ana gwada kowa sau biyu a mako, aka ga cewa yayyen da ke zuwa makaranta su ne suka fi shigo da ita gida. Don haka ki riƙe waɗannan alamu. Jaririn da bai kai wata 3 ba in zafin jikinsa ya kai digiri 38, asibiti ne kai tsaye, ko da yana shan nono. Ki ɗaga rigarsa ki ƙirga numfashinsa minti guda cif yana kwance shiru: 60 ko fiye a ƙasa da wata 2, 50 daga wata 2 zuwa shekara, 40 daga shekara 1 zuwa 5, duk sun yi yawa. In ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja iska, ko yana gurnani, ko ya kasa kama nono, ko leɓensa ya canza launi, kada a jira gari ya waye.

Nonon uwa zai ba jaririn kariya daga ainihin ƙwayoyin da ke yawo a gidanku, saboda jikinki yana ƙera maganinsu yana zubawa a ciki, don haka ko kina mura ki ci gaba da shayarwa, ki wanke hannu ki sa takunkumi. Shi kuma yayan, zai so ya taɓa, zai so ya sumbata, in aka riƙa korarsa kishi ne zai shiga. Tun yanzu ki fara koya masa da 'yar tsana: a wanke hannu tukuna, sannan a taɓa. Ranar da aka kawo jaririn gida, ki zaunar da shi kusa da ke, ki buɗe masa 'yar ƙafar ƙanin nasa, ki ce masa nan ne wurinsa, nan zai riƙa sumbata.